Kawu da Ƙullin Direba

Ranar Talata bayan la'asar muka binne Kawu a maƙabartar Nasim. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma, shi dai ya riga mu ne. Ƙanen mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ya kawo ni Riyad. Mutum uku suka shiga rami karɓarsa: surukinsa mijin 'yarsa ta fari, da limamin unguwa, da wani ɗan Bangladash mai shara a wurin aikinmu. Ni ina sama ina miƙa tubali. Babu wanda ya hana ni shiga. Babu kuma wanda ya ce in shiga.

Kwana uku aka yi zaman makoki a gidan da yake haya a Shumaisi, ɗaki ɗaya da tsakar gida wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma huɗu ba. Ban san Kawu ya tara jama'a haka ba. Direbobin gidaje sun zo da motocin iyayen gidansu har sun toshe layin. Masu aikin gini a Dir'iyya sun zo da siminti a ƙafa. Wani babba daga ofishin jakadanci ya zo cikin farar shadda, ya zauna a ƙasa kamar kowa. Duk wanda ya shigo sai ya wuce ni a bakin ƙofa ina jera takalma, ya nufi suruki ya kama hannunsa da hannu biyu. Sai za a fita ne wani zai ce, af, ashe kai ne ɗan yayar tasa, Allah ya ba da haƙuri. Matar Kawu ta bugo daga Yawuri, wayar suruki ta kira. Ya fita waje da ita, ya daɗe. Da ya dawo ya ce tana gaishe ni.

Ba zan ɓoye ba, kishi nake yi. Mutum mai shekara arba'in da bakwai, da furfura a gemu, yana kishi a gidan makoki. Na san ba kyau. Amma haka abin yake.

A rana ta biyu wani tela, abokin hirar Kawu, ya ɗauko zancen. Da niyyar yabo ya ɗauko shi. Ya ce mutumin nan akwai haƙuri, ku duba yadda aka sauke shi daga shugabancin jirage aka mayar da shi mai rabon riguna, bai taɓa ƙorafi ba. Wani baƙo ya tambayi abin da ya faru. Tela ya rage murya ya ce tsufa ne, ya ɗaure jirgi ya manta, har wata yarinya ta karye. Aka yi ta Allah sarki. Wani ya ce ai gwanin iyo shi ruwa ke ci. Aka zagayo da gahawa.

Ni na ɗaure jirgin nan. Shekara shida ke nan, kuma iyakar sanina ni da Kawu kaɗai muka san haka. In na buɗe baki, Hausawan Riyad ba wani yawa gare su ba, kafin mako ya zagayo magana ta kai kunnen mudir, manajan wurin aikinmu, iƙamata kuwa, wato takardar izinin zama, saura wata biyu a sabunta ta. In na yi shiru, haka za a riƙa ba da labarinsa har jikokinsa su ji. Na ci gaba da jera takalma.

Mutanen gida ba sa yarda in na ce aikin jirgin ruwa nake yi a Riyad. Sukan ce ina aka ga kogi a hamada. Wurin shaƙatawa ne a gefen kwari, ta hanyar Dir'iyya. Masu kuɗi suka haƙa tafki biyu, ɗaya a tudu ɗaya a gangare, suka haɗa su da hanyar ruwa ta siminti. Tsakanin ruwan sama da na ƙasa akwai tsayin mutum biyu. Jirgi ba ya hawa matakala, don haka aka gina masa wani ɗaki marar rufi, da ƙofar ƙarfe gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe, a buɗe wasu tagogi da ke ƙarƙashin ruwa, ruwa ya zube ya sauka da jirgin, sannan a buɗe ɗaya ƙofar ya fita. In hawa zai yi sai a cika ɗakin. Injiniyan wurin, wani Bamisire, hawis yake ce masa. Kawu zaure yake ce masa, tunda ta nan ka shiga ta can ka fita, kuma duk muka bi bakinsa, har 'yan Bangladash.

Kawu Basarke ne gaba da baya, a bakin kogi aka yanke musu cibi. Mahaifiyata ce aure ya kai ta tudu, Gusau, ni kuma a tashar mota na girma. Kawu yana saurayi ya yi aiki a jiragen dakon kaya da ke ratsa madatsar Kainji, can ya san zaure, wanda yake cewa namu ɗan tsako ne a gabansa. Da harkar ta mutu ya zo nan, ya shekara ashirin da wani abu yana ban ruwan dabino a gonar wani Balarabe. Da aka gina wurin nan, shuka ciyawa aka ɗauke shi.

Ran da ake gwajin zauren yana gefe da tiyo a hannu. Akwai wani dakali na siminti a gindin ƙofar sama, ruwa ya rufe shi, ba ka ganinsa sai ruwa ya sauka. Masu gwaji suka tsayar da jirgi gindinsa na saitin dakalin, suka fara zubar da ruwa. Kawu ya yar da tiyo ya sheƙo yana cewa guddam, guddam, wato a yi gaba. Suka matsa gaba don su rabu da mahaukacin tsoho. Ruwa na sauka dakali ya fito fili daidai inda gindin jirgin yake ɗazu. Washegari aka karɓe tiyon aka ba shi farar hula ta shugaban jirage. Shi da hannunsa ya ja layin rawaya a bango, ya ce duk jirgin da gindinsa ya wuce layin nan, direbansa ya sauka ya tafi gida.

Biza biyu aka ba shi ya kawo mutanensa. Ya kawo ni, ya kawo suruki.

Suruki yana da difloma, yana jin Turanci, ya yi Islamiyya har Larabcinsa ya fi na Larabawan tsafta. Bai taɓa taka kwalekwale ba kafin ya zo. Ni aji huɗu na bar makaranta, amma shekara goma sha takwas ina jan motar albasa daga Aliero zuwa kudu, ban taɓa kashe ko kaza ba. Na ɗauka maganar tuƙi a ƙare take. Sai Kawu ya zaunar da suruki a sitiyari, ni ya tsayar da ni a bango. Ya ce baƙi suna son mai yi musu bayani. Ranar ban ci abinci ba.

Aikin bango aikin turke ne. Turaku ne na ƙarfe a jere a bakin zauren, gajeru, kowanne kamar ƙaramin turmi. Jirgi ya shigo, a jefo maka igiya, ka riƙe shi kada ruwa ya yi ta buga shi da bango. Ranar farko Kawu ya kama hannuna ya nuna mini.

"Jirgi ba akuya ba ne, ɗan Yaya. Ka zagaya turke sau ɗaya, bakin igiyar yana hannunka. Ruwa na sauka kana saki, ruwa na hawa kana ja. Ba a ɗaurewa."

Ya ce kada in kuskura in naɗe igiya a tafin hannu, ya nuna mini babban yatsansa da ya karkace tun Kainji. Ya ce in na ga jirgi zai daki bango kada in sa ƙafa ko hannu in tare, wai bango ba ya jin zafi, jirgi ba ya jin zafi, ni kaɗai ne mai jini a wurin. Na ce na ji. A raina cewa nake, mutumin da ya ɗaure buhu ɗari uku a mota ake koya wa riƙon igiya.

Dokarsa a kan ƙananan kwalekwale na roba, irin waɗanda samari ke haya, ba ta da sassauci. Babba ya fara shiga ya tsaya, sannan ƙanana su biyo baya, nesa da dakali, nesa kuma da inda ruwa ke tafasa in ana cika zaure. Wata rana wani matashi ɗan gata ya kutsa da kwalekwalensa gaban babban jirgi, ya ce shi ya riga zuwa. Kawu ya ce ya koma baya. Ya ƙi. Kawu ya fito daga ɗakin gilashi inda maɓallan tagogi suke, ya zauna a kan turke, ya ciro asawaki. Rabin awa ana tsaye. Mudir ya kira a waya ya ce a buɗe, ɗan wane ne. Kawu ya ce shi ya san ɗan wane ne, ruwan ne bai sani ba. Daga baya matan da ke cikin babban jirgin ne suka yi wa yaron ca, ya koma baya yana ƙunƙuni. An yi wa Kawu faɗa a ofis. Ya dawo yana dariya.

Kullum da safe kafin a buɗe wa baƙi, sai ya bi kowace igiya da hannu daga kai har ƙarshe, idonsa a rufe, kamar mai jan carbi. In ya ji zare ɗaya ya tashi, igiyar ta gama aiki. Ruwan wurin bai taɓa burge shi ba. Yakan shinshina ya ce warin magani yake yi, ruwan da babu kifi a ciki gawa ne. Duk mai zuwa daga gida sai ya taho masa da bandar kifi a kwali, shi kuma ya dafa mana miya ran hutu. Kan kifi na suruki ne. Ni jela. Na ƙirga, ba sau ɗaya ba ne, ba sau goma ba. Wani zai ce mene ne a kan kifi. To, wanda ake ba jela shi ya sani.

'Yan Bangladash masu tsame ganye da leda a bakin ruwa, babu wanda ya iya iyo a cikinsu. Ɗaya ya taɓa zamewa ya faɗa, Kawu ya tsamo shi da sandar ƙugiya. Tun daga ranar ya riƙa tara su bayan asuba a inda ruwa bai wuce ƙugu ba, ya tallabi cikin ƙaton mutum mai gemu kamar jariri, yana cewa ya saki jiki. Ba ya jin yarensu, ba sa jin nasa, amma cikin wata biyu duk sun iya tsallake tafkin ƙasa. Wanda ya faɗa ɗin shi ne ya shiga rami ranar Talata. Shi ban yi kishinsa ba.

Ranar da abin ya faru Juma'a ce bayan la'asar, lokacin hutun makaranta, wata na takwas da zuwana. Babban jirgi ya shigo zaure zai sauka, suruki na tuƙi, cike da mata da yara. Bayansa ƙananan kwalekwale biyu, a cikin ɗaya akwai wata yarinya da yayanta. Kawu yana ɗakin gilashi. Na karɓi igiya na zagaya turke yadda aka koya mini. Sai wani mutum da ke tsaye a bango, iyalinsa na cikin jirgin, ya miƙo mini waya ya ce in ɗauke shi hoto da su a bayansa. Hoto hannu biyu yake so.

Ban yi shawarar ɗaurewa ba. Wannan ne abin da har yau na kasa ganewa. Shekara goma sha takwas, duk igiyar da ta shigo hannuna sai na ja ta, na murɗa, na soke, yadda ko a ramukan hanyar Mokwa buhu ba zai motsa ba. A tasha an san ni da ƙullin nan, har tsayawa ake yi ana kallo. Hannun ne ya yi abinsa, ni idona na kan waya. Kawu ya dube ni ta gilashi, na ɗaga masa hannu alamar komai daidai. Ya buɗe tagogi.

Ina kan hoto na uku na ji ihun mata. Ruwa ya sauka kamar kamu biyu. Gefen jirgin da ke jikin bango ya rataye a igiyata, ɗaya gefen ya bi ruwa. Mutane suka gangara wuri guda kamar albasa a buhun da ya fashe. Gindin jirgin ya juya ya matse kwalekwalen yarinyar da bango, ita kuma ta sa hannu za ta ture shi.

Na durƙusa a kan ƙullin. Ƙullin da ya ɗauki nauyin jirgi ba ya kwantuwa, ƙarfe ya zama. Na zaro wuƙa. Ban san lokacin da Kawu ya iso ba, sai duka na ji a wuyan hannu, wuƙar ta faɗa ruwa. Ya ce in na yanka, jirgin kan yaran zai faɗo. Ashe kafin ya fito ya riga ya rufe tagogin ƙasa, ya buɗe ta sama guda ɗaya kaɗan, kaɗan ƙwarai, don kada ruwa ya shigo da ƙarfi ya kifar da ƙananan. Muka tsaya muna kallon ruwa yana tasowa kamar ba ya so. Mata na salati, mai hoto na ihu. Kawu ya kwanta rub da ciki a bakin bango yana lallashin yarinyar da ɗan Larabcinsa na gona, har jirgin ya daidaita.

Da igiya ta saki, ya ture ni gefe, ya kwance ƙullin da hannunsa, ya miƙe riƙe da ita. Haka mudir ya zo ya same shi. Aka tambaya wa ya ɗaure. Kawu ya ce shi ne, ya ɗaure kafin ya shiga ɗakin gilashi, ya manta. Kyamarar wurin ƙofa take kallo, ba ta kallon turke. Ina tsaye a bayansa, wayar mutane tana hannuna har lokacin. Na bar shi ya ɗauki laifin.

Yarinyar ta karye a wuyan hannu. Ubanta ya ce sai an hukunta wani. Da ni ne, huruj za a buga mini, fita ba dawowa, ina da 'ya'ya biyar a Gusau. Kawu kuwa Bamisiren ya tsaya masa, ya ce tsohon nan ya taɓa ceton zauren gaba ɗaya. Aka karɓe farar hular, aka ajiye masa kujera a bakin shiga, yana raba rigunan kariya, irin masu soso a ciki da ke hana mutum nitsewa. Masu ce masa kyaftin suka koma ce masa ya hajji.

Da magariba ranar muna alwala, na matso zan yi magana. Bai dube ni ba.

"Yaya ta sa ka a hannuna. Ka rufe bakinka."

Shi ke nan. Bai sake tayar da zancen ba har ya koma ga Allah.

Shekara shida ya yi a kujerar nan. Kowane yaro da kansa yake ɗaura masa riga, ya ja maɗaurin sau biyu, ya ɗaga shi ta kafaɗa ya ga ko za ta zame. Daga inda yake yana hango zaure. Ni kuma daga bango ina hango shi. Duk lokacin da jirgi ya shigo sai in ga ya daina abin da yake yi, ya zuba wa hannuna ido. Ba fuskata ba, hannuna. In na saki igiya da kyau ba ya cewa komai. In suruki ya shigo da jirgi ya tsaya daidai layin rawaya, sai ka ji muryarsa daga can yana cewa madalla da Malam.

Ya kamata in ce godiya ce ta cika mini zuciya. Akwai godiya. Amma mutumin da ya rufa maka asiri, kullum ka gan shi sai ka tuna kai tsirara ne. Na riƙa ƙin zuwa cin miyar kifi. Na riƙa cewa ina da ciwon kai.

Da za a naɗa sabon shugaban jirage, mudir ya nemi shawararsa. Ya ce suruki. Ranar na same shi a ɗakinsa yana gyaran rediyo, na faɗi abin da ban taɓa faɗa wa babba ba. Na ce ni jininsa ne, wancan aure ne ya kawo shi, aure kuwa ana yi ana fasawa. Na ce na girmi surukin da shekara tara. Na ce shekara nawa zan yi ina gadin turke kamar jaki. Ya bar ni na gama. Ya ajiye sukundireba.

"Hannunka ya fi kanka sauri, Direba. Ran da kan ya kamo hannun, ka zo mu yi magana."

In ya ce mini Direba ransa a ɓace yake. Na fita ban yi sallama ba. Wata uku gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Shi ne ya karya, ya aiko mini da ƙosai ranar farko ta azumi, ta hannun suruki.

Ciwon bai daɗe ba, kwana tara ya yi a asibiti. Suruki ya ɗauki hutu yana kwana a wurinsa, tunda shi ke iya magana da likitoci. Ni na je ranar Lahadi da rana, na roƙi wani ya tsaya mini. A hanya na shirya magana, mai tsawo, har da neman gafara. Na same shi ya rame, yatsan nan karkatacce yana kan bargo. Ya buɗe ido ya gan ni. Na durƙusa na gaishe shi. Abin da ya ce kawai shi ne, wa ka bari a bango. Na faɗa masa. Ya ce wancan yana naɗe igiya a hannu, in koma. Na koma. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. Suruki kuwa an ce har wasiyya ya bar masa, har inda za a kai rediyo.

Rana ta uku ta makoki, Alhamis, bayan la'asar, aka taru don addu'ar tashi. Tsakar gida ta cika, har a kan layi an shimfiɗa kwali. Wasu sababbin mutane suka zo daga Jidda, 'yan garinsu. Ɗaya ya ce shi ya ji wani labari, wai marigayi ya samu matsala a wurin aiki a ƙarshen rayuwa. Na ga tela ya gyara zama, ya ajiye kofi. Labarin zai hau mota ya tafi Jidda, daga Jidda ya hau jirgi zuwa Yawuri.

Ban iya magana a taro ba. Na miƙe daga cikin takalma na ce a yi mini haƙuri, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na ce Kawu bai ɗaure jirgi ba, ni na ɗaure. Na faɗi hoton, na faɗi wuƙar, na faɗi yadda ya kwance ƙullin ya tsaya riƙe da igiya. Na ce shekara shida ya zauna a kujerar da ni ya kamata a kora a kanta, ina kallo. Haka na kai ƙarshe.

Tela ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin tabarma. Ɗan Bangladash ya tambayi na kusa da shi me aka ce, aka fassara masa, ya rufe fuska da hula. Limami ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya, ya ɗaga hannu aka shafa. Wajen fita wasu suka kama hannuna. Wasu suka ɗauki takalmansu da kansu.

Da aka watse ina naɗe tabarmi, suruki ya zo ya kama ɗaya bakin. Muka naɗe biyu. A ta uku ya tsaya.

"Yaya, ina cikin jirgin fa. Ƙullin yana saitin idona. Baba bai iya irinsa ba, na masu lodi ne."

Na ce wato ya sani tun ranar. Ya ce tun ranar. Ya ce washegari Kawu ya kira shi ya sa shi ya yi alkawari ba zai faɗa wa kowa ba, har matarsa. Shekara shida matarsa na kuka a waya, ana cewa a gari ubanta ya rikice, amsa tana bakinsa ba dama ya ba ta. Ya ce ya taɓa tambayar Kawu, da shi ne ya yi wannan kuskuren fa. Kawu ya ce masa ai kai kana da takarda, ko'ina aka jefa ka za ka ci abinci.

"Ka ji amsa," in ji shi. "Ni ya ba ni sitiyari. Kai sunansa ya ba ka. Kullum ina kallonka a bango kana hararata, ina cewa a raina wannan bai san abin da ya samu ba."

Ban taɓa ganin ransa a ɓace ba sai ranar. Idonsa ya yi ja, kuma ba na kuka ba ne kawai. Na san irin jan idon nan, na sha ganinsa a madubi. Ban ji tausayinsa ba, gaskiya. Wani sanyi na ji, irin wanda bai kamata ba. Sai kuma na tuna cewa shi aka zaunar aka yi wa bayani, ni cewa aka yi in rufe baki. Sanyin ya ragu.

Na ce masa ranar Lahadi zan shiga wurin mudir da kaina, kafin magana ta riga ni. Ya ce tare za mu shiga. Na ce babu ruwansa. Ya ce da ruwansa, shi ne shugaban jirage, shi ya gani ya ɓoye, kuma shi ya sa hannu a takardar da aka rubuta sunan Kawu. In za a gyara takardar, sai da shi. Na ce ana iya korarsa. Ya ce ya sani, ya ɗaga tabarmar ya kai ɗaki. Ko laifin nawa ma bai bar mini ni kaɗai ba.

Yau Asabar. Na yi aikina jiya, na yi yau. Na kira Gusau na ce wa uwargida ta yiwu in dawo da wuri, ban faɗa mata dalili ba. Gobe ƙarfe takwas za mu haɗu a ƙofar ofis, shi zai yi fassara, tunda Larabcina bai wuce na sayen burodi ba. Ban san abin da mudir zai ce ba.

Wanda duk ya taɓa jin cewa tsohon nan ya ɗaure jirgi ya manta, ya goge wannan daga ransa, kuma ya gaya wa wanda ya gaya wa. Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya ba matarsa da 'ya'yansa dangana. Allah ya yafe masa ƙaryar da ya yi saboda ni. Ita kaɗai na san ya taɓa yi.